"Ga Ni A Tasha": Abin Da Saukar Baƙi Ke Ci Wa 'Yan'uwanmu Mazauna Gana

Duk wanda ya taɓa zama a wata ƙasa ya san irin wannan waya. Takan shigo ne da asuba ko bayan sallar Isha'i, da lambar da ba a sani ba, galibi ta yaron mota ko ta wani fasinja da aka ara. Bayan sallama da gaisuwa sai a ji: "Yaya, ga ni a tasha." Ba a ce ana tafe ba, ba a faɗi abin da ya kawo mutum ba, balle a yi maganar ranar komawa. Shi kuwa wanda aka kira, ko da ranar ba a ɗora tukunya a gidansa ba, amsarsa ɗaya ce: a jira shi, ga shi nan zuwa.

Mu 'yan kasuwar kan iyaka, daga Illela da Kwanni, Jibiya da Maraɗi, Maigatari, Kamba da Gaya, mun ƙware wajen lissafin tafiya. Kafin mu bar gida mun san kuɗin mota, mun san abin da za a bari a kowane shinge, mun san yadda sefa da sidi suka kwana. Lissafi ɗaya ne ba mu cika yi ba, wato na gidan da za mu sauka, domin a ganinmu wannan kyauta ne tunda akwai ɗan'uwa a Akara ko Kumasi. To amma fa wani ne ke biyan kyautar, kuma kunya ba ta barinsa ya faɗa.

Sanin kowa ne cewa saukar baƙi ba sabon abu ba ne a hanyar Gwanja. Ita kanta kalmar zango, wadda yau ta zama sunan unguwannin Musulmi a kusan kowane babban gari na ƙasar Gana, asalinta wurin da ayari ke sauke kaya ne ya huta. Fatake kan taso daga Kano da Katsina da jakunansu, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga su sayi goro. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, sai jama'armu suka bazu zuwa Kete-Karachi da Kumasi da Akara. A farkon ƙarni na 20 ne Malam Baƙo ya kafa unguwar Sabon Zango a Akara, kuma sunan malamin ma kaɗai ya isa ya nuna irin mutanen da suka zauna wurin. Hatta marigayi Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, lokacin ƙuruciyarsa a Akara ya je ya sami mahaifiyarsa, kafin daga baya ya shahara da fataucin goro. Sunan zango ya zauna da gindinsa a ƙasar, har ta kai a 2017 gwamnatin Gana ta kafa ma'aikata sukutum mai ɗauke da shi, kodayake an rushe ta a 2021.

Abin da muke mantawa shi ne, karɓar baƙi irin ta wancan zamani tana da ƙa'ida, kuma tana da riba. Falke ba ya faɗa wa kowane gida. Yana da fatomansa, wanda a Kumasi ake kira maigida kawai. Shi zai ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya a wurin da ɓarawo ba ya kaiwa, ya yi masa tafinta da Asantawa, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, ya sa dillalansa su nemo mai saye. Idan kuma bashi aka bayar, shi ne zai tsaya ya ga an biya. Shi kuma abin da yake samu sananne ne: rabonsa a la'adar ciniki, da ɗan alherin da baƙo zai bari ranar tafiya, da tabbacin cewa baɗi ma gidansa za a sauka. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta yi rubutu a kan waɗannan masu gidaje na Kumasi a 1966. Ga fatoma, yawan baƙi yawan arziki ne, shi ya sa yake gina gidansa da jerin ɗakuna tun daga zaure, kuma ranar da ɗakunan suka kwana babu kowa ita ce ranar baƙin cikinsa.

Mun gaji buɗaɗɗiyar ƙofar, amma mun watsar da lissafin da ke bayanta. Ɗan'uwan da muke sauka wurinsa a yau ba fatoma ba ne. Mai sayar da albasa ne a Adjen Kotoku, inda aka mayar da kasuwar albasa daga Agbogbloshie a 2021, ko mahauci, ko mai tsire a bakin titi, ko direba, ko ɗan canji mai ƙaramin jari. Zamansa a gidan haya ne na mutane da yawa a Nima ko Mamobi, ko Aboabo da Asawase idan a Kumasi ne, ɗaki ɗaya ko ɗaki da falo, shi da iyalinsa gaba ɗaya.

Bari mu ɗan tsaya a kan wannan gida, domin wanda ya taso daga gidan gado mai tsakar gida da rijiya ba zai gane ba sai an yi masa dalla-dalla. Dokar haya ta Gana ta 1963 ta hana mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata 6 gaba, amma abin da aka saba gani shi ne a nemi na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, wanda hakan ya sa ɗan haya tun ranar da ya biya yake fara tara na gaba. Wutar lantarki ta kati ce, kowace fanka da aka ƙara kunnawa da dare ana ganin ta a mita. Ruwa a gidaje da dama saye ake yi, a cikin jarkar nan mai ruwan ɗorawa da suka laƙaba wa sunan tsohon shugabansu Kufuor. A tsofaffin unguwanni irin su Nima, gidaje da yawa ba su da makewayi, sai an fita na kuɗi, wani wurin har wanka sai an biya. A wasu gidajen kuma kuɗin ruwa da na shara bisa yawan kawuna ake raba su, saboda haka baƙo na kwana biyu maƙwabta suka fara ƙirga shi. Ga tsadar abinci, wadda a watan Disambar 2022 hauhawar farashi a ƙasar ta haura kashi 54 cikin 100.

Mu kanmu sai da muka ci wannan kyauta muka ƙoshi kafin mu san farashinta. A watan Agustan 2019, lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, muna Akara mu biyu da niyyar kwana huɗu. Mun riga mun sayi kaya, ga shi babu hanyar wucewa da su ta Seme, kullum kuma ana cewa gobe za a buɗe. Kwana huɗu suka zama mako uku da 'yan kai. Wanda ya sauke mu yayanmu ne, ɗan baffanmu, mai ɗaki da falo a Nima. Shi ya bar mana ɗakin da gadon, ya ce shi da yara maza falo ya ishe su. Da safe koko da ƙosai, da rana shinkafa da waken nan da suke kira wace, da dare tuwo. Ko sau ɗaya ba mu ga ya ɗaure fuska ba. Idan muka yi maganar mun daɗe, sai ya ce ai gidanmu ne.

Ba mu taɓa tambayar inda uwargida da 'yan mata biyu ke kwana ba. Ranar da za mu tafi ne ƙaramar cikinsu, don murna, ta ce yau za su dawo ɗakinsu. Ashe tsawon kwanakin nan a ɗakin wata maƙwabciya suke raɓewa, su shimfiɗa tabarma bayan masu ɗakin sun kwanta, su naɗe kafin asuba. Bayan wata biyu kuma muka ji daga bakin wani cewa kuɗin adashin da yake tarawa na haya ne ya taɓa don ya ciyar da mu, har sai da ya ci bashi ya cike. Abin da muka damƙa wa yara a bakin mota ko kuɗin ruwan da muka yi wanka da shi bai kai ba. Iyakar kuwa ba a sake buɗe ta ba sai Disambar 2020.

A nan ne ya kamata a faɗi wata gaskiya: maigida ke amsa waya, shi ake yi wa godiya, amma uwargida ke ɗaukar baƙo. Ita ke ƙara awo, ita ke tashi da duhu ta ɗora ruwa, ita ke yini cikin hijabi a zafin Akara saboda akwai baƙon namiji a falo. Da yawa cikin matan nan a can aka haife su, Hausarsu ta zango ce, wadda ba ta cika bambanta mace da namiji ba, sai ka ji an ce "Hajiya ya zo". Baƙuwar da ta zo daga gida sai ta mayar da wannan abin dariya, ta raina miyar, ta raina ɗakin, in ta koma kuma ta ba da labarin cewa matar wane marowaciya ce, ta mallake shi. Aure nawa irin wannan labari ya girgiza, Allah kaɗai Ya sani.

Baƙi kuma ba ɗaya suke ba. Ɗan kasuwar da ya zo sayen kaya shi ne mafi sauƙi, domin yini yake a kasuwa, kuma jarinsa ba ya barinsa ya zauna. Akwai masu zuwa biki ko ta'aziyya, su sukan zo da yawa amma sukan tafi tare. Akwai mara lafiya da mai jinyarsa, wanda babu mai imanin da zai ƙirga masa kwana. Wanda ya fi kowa nauyi shi ne saurayin da aka ɗora a mota aka ce ya tafi wurin kawunsa ya nemi abin yi. Shi ba ranar komawa gare shi ba, ba sana'a ya zo da ita ba, kuma iyayensa sun ɗauka cewa da zarar ya taka Akara an gama. Ba su san dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan saye da sayarwa a kasuwa da talla ba, ta kuma sanya wa baƙon da ke son buɗe harkar ciniki sharaɗin jarin dala miliyan 1. A kan wannan doka ce aka yi ta kulle shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Akara a 2019 da 2020. Kawun da shi kansa a inuwar wani ɗan ƙasa yake kasuwancinsa, ina zai kai yaro? Sai yaron ya zauna a gida wata shida, ya fara bin abokan banza, in ya lalace kuma a ce kawunsa ne bai riƙe amana ba.

Sai dai ba za mu ɗora wa baƙi laifin duka ba, domin su ma mazauna can da nasu. Mutum ne zai yi shekara biyu yana ƙulle ciki, ya zo gida da Sallah cikin dakakkiyar shadda, ya raba atamfa da sabulu da turare, a wurin biki ya yi liƙi har maroƙa su san da zuwansa, duk wanda ya gaishe shi kuma ya ce masa sai ka zo. To ga shi sun zo. Wanda ya nuna wa dangi cewa a kan kuɗi yake kwana, ba shi da bakin cewa ɗakinsa ɗaya. Daga nan ne ake samun masu kashe waya idan sun ga lambar gida, da masu cewa sun yi tafiya Tamale alhali suna cikin gari, baƙo ya kwana a tasha ko a masallaci, ya koma gida da labarin da ba zai taɓa gogewa ba. Akwai kuma waɗanda ke fanshe ɗawainiyarsu a ɓoye: su raka baƙo kasuwa, su yi magana da mai kaya da yaren da baƙon ba ya ji, a ɗora wani abu a kan farashi, ko su karɓi Nairarsa su canzo masa a farashin da suka ga dama. Wannan ita ce la'adar fatoma ta dawo ta bayan gida, kuma ranar da asiri ya tonu zumunci ya mutu ke nan.

Batun canji ma ya ƙara dagula lamarin. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen N460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura N1,500. Baƙon da ya taso daga Nijeriya da guzurin da yake gani mai kauri ne, tun a Kwatano zai ga ya narke, tunda ita sefa a ɗaure take da kuɗin yuro. Kafin ya isa Aflao ya tsallaka iyakoki uku, Seme da Hilakonji da ita Aflao ɗin, kowace da abin da take ci. Da yawa sukan iso hannu wofi, wanda ke nufin har kuɗin motar komawa mai masauki ne zai nemo.

Akwai kuma nauyin da ya fi na abinci, wato na suna da na takarda. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira CEDEAO, ta 1979, ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba tare da biza ba har tsawon kwana 90, amma da sharaɗin yana riƙe da takardar tafiya ingantacciya da katin rigakafi. A Gana ana neman katin rigakafin ciwon shawara, kuma kwana 90 ɗin na ziyara ne, ba izinin zama ba ne. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, kodayake a lokacin ƙungiyar ta ba da sanarwar cewa a ci gaba da karɓar takardunsu da barin su su wuce har sai an yanke wata shawara. Saboda haka wanda zai taso daga Maraɗi ko Tawa ya kyautu ya tambayi halin da ake ciki kafin ya hau mota, ba sai ya isa shinge ba. Wanda ya bi ta ɓarauniyar hanya kuwa, ko ya bar kwanakinsa suka ƙare, idan aka kama shi ba mahaifinsa da ke gida za a kira ba, mai masaukinsa za a kira. Shi zai bar kasuwarsa ya yi ta zirga-zirga tsakanin ofishin 'yan sanda da gidan Sarkin Zango.

Dattawan zango ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar, mutane suka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, wasu ma suka bar su haka nan. Nijeriya ma ta yi irin nata a 1983 zamanin Shagari. Wanda kakansa ya ga wannan, idan ya tambayi baƙo ina fasfo ɗinsa, ko ya ce a buɗe ƙullin saƙon da wani ya bayar a tasha a ga abin da ke ciki, ba wulaƙanci ba ne. Shi zai ci gaba da zama a unguwar bayan baƙo ya tafi.

Addininmu bai bar wannan magana a buɗe ba. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ce daga mai gida, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa wanda ya sauke shi ba. Mukan riƙe rabin farko da ke umartar a girmama baƙo, mu manta da rabin da ke magana da shi baƙon. Gaskiya ne zumunci a ƙafa yake, kuma babu wanda ya fi mazaunin wata ƙasa jin daɗin ganin fuskar gida. Ka ga yadda yake zaunar da baƙo har tsakar dare yana tambayar wa ya rasu, wa ya yi aure, damina ta yi kyau, har yanzu tsamiyar nan ta bakin kasuwa tana nan? 'Ya'yansa da ba su taɓa ganin garin ubansu ba, daga bakin baƙi suke sanin danginsu. Ba cewa muke a daina zuwa ba.

Abin da muke gani shi ne a dawo da maganar fili irin ta fatake. Yau da ake da WhatsApp a kowane aljihu, babu dalilin da zai sa mutum ya faɗo wa ɗan'uwansa kamar ruwan bazara. A faɗa tun da mako guda, a faɗi mutum nawa ne, a faɗi abin da ke tafe da su da ranar juyawa, a kuma bar masa ƙofar da zai iya cewa wannan watan bai dace ba ba tare da an kai ƙararsa wurin tsofaffi ba. Tsaraba kuma a yi ta da tunanin tukunya: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, man shanu, kilishi, ɗan gero. Waɗannan sun fi hula da turare amfani a gidan da ake auna shinkafa da gwangwani. Kuɗin cefane in an miƙa wa maigida ba zai karɓa ba, kowa ya san haka, amma babu wanda ya hana baƙo ya dawo daga kasuwa da buhun shinkafa ko ya sa wa mita kati. Idan kuwa ciniki ne ya kai mutum, kuma ɗan'uwa ya bar nasa neman ya yini yana yi masa jagora da tafinta, to wannan aiki ne, a yanka masa la'adarsa a fili kamar yadda za a yanka wa bare.

Da muka sake komawa Akara bayan an buɗe iyaka, mun kira yayan namu tun da kwana goma, muka ce kwana biyar za mu yi, kuma mun kama ɗaki a wani masauki kusa da unguwar, abincin dare kawai za mu riƙa ci a gidansa. Ransa ya ɓaci sosai. Ya ce me ya yi mana, so muke a ce a gida ya kore mu? Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu da shi. Uwargida ce ta riƙa aiko yara da kwanon tuwo har masaukin, miyar kuka da daddawar da muka kawo. A rana ta uku ya zo da kansa ya raka mu kasuwa, ya sama mana kaya a farashin da mu kaɗai ba za mu samu ba. Da muka ware la'adarsa muka miƙa, sau biyu yana turo ta. A na uku ya karɓa, ya ƙirga a gabanmu, ya ce idan za mu dawo bayan Sallah mu sanar da shi da wuri, akwai wani mai kaya a Kumasi da yake so ya haɗa mu da shi.